A daina kulle tsofaffinmu a ɗaki

Akwai abin da muke yi a Sabo da Agege da Idi-Araba da ya kamata mu ji kunyarsa. Tsohuwa ta fara mantuwa, tana tambayar abu ɗaya sau goma, sai a ce aljanu ne, a rufe ta a ɗaki kowa ya tafi kasuwa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne fa, likitoci sun san shi, kuma kulle ƙara rikita ta yake yi.

Hannun da ya shekara hamsin yana aiki bai manta ba. A ba ta wake ta tsince, ta ɓare gyaɗa, ta ninke kayan jikoki. In ba ta yi daidai ba, a gyara a bayan idonta. A fito da ita ta sha hantsi. A kunna mata karatun Alƙur'ani. Sau da yawa wadda ta manta sunan ɗanta za ka ji tana bin surorin da ta haddace tun tana yarinya. In ta tambayi mijinta da ya rasu, kada a yi mata sabuwar mutuwa, a ce, "Inna, ba ni labarinsa."

Wai ba lokaci? Lokacin biki da taron ƙungiya dai ba ya gagarar mu.

Kuma nan ba gida ba ne. Tsohuwar da ta ɓace a Legas, ba ta jin Yarbanci, ana iya ce mata mayya a taru a kanta. A rubuta lambar waya a ɗinka mata a bakin zane tun yau.