Makullin da ke Buɗe Kowane Ɗaki: Matsalar Izini a Wuraren Ƙera Manhaja na Gajimare

A yau mafi yawan manhajojin da ke cikin wayoyin jama'a ba a kan kwamfuta ɗaya ake ƙera su ba. Ana ajiye rubutun manhaja a dandali irin su GitHub, a gwada shi a wani dandalin irin su CircleCI, sannan a tara bayanan masu amfani da ita a rumbunan kamfanoni irin su Amazon. Waɗannan kwamfutoci na nesa da ake haya ta intanet su ake kira gajimare. Domin su yi aiki tare, kowane sashe yana riƙe da makulli, wato dogon jerin haruffa da lambobi da ke buɗe masa ƙofar ɗan'uwansa. A wajen rabon waɗannan makullai ne ɓarna ta fi aukuwa.

Ya kamata ɗalibi ya bambance kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa a wannan fanni: tantancewa da izini. Idan baƙo ya yi sallama a zaure, maigida ya leƙo ya gane shi, an tantance shi. Ko zai tsaya a zauren, ko zai wuce cikin gida, wannan kuma sha'anin izini ne. Sanin mutum ba ya ba shi damar shiga turaka. Ƙungiyar OWASP, mai nazarin tsaron manhajoji, ta sanya lalacewar tsarin izini a matsayi na farko cikin jerin manyan haɗura goma da ta fitar a 2021.

Abin da ya sami kamfanin Uber a 2016 ya isa misali. Masu kutse sun shiga ma'ajiyar rubutun manhajar kamfanin a GitHub da kalmomin sirri na sata, domin ba a tilasta wa ma'aikata tantancewa mai hawa biyu ba. A cikin rubutun suka tsinci makullin rumbun Amazon, da shi suka kwashe bayanan fasinjoji da direbobi miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala dubu 100, ya ɓoye maganar har zuwa Nuwamban 2017. A 2018 ya amince da biyan dala miliyan 148 ga jihohin Amurka, kuma a 2022 kotu ta sami tsohon shugaban sashen tsaronsa, Joe Sullivan, da laifi kan rufa-rufar.

Toyota ma ta sanar a Oktoban 2022 cewa wani ɗan kwangila ya ɗora wani ɓangare na manhajar T-Connect a GitHub a bainar jama'a, da makulli a ciki. Makullin ya yi kusan shekara biyar a fili yana aiki, adireshin imel na abokan ciniki fiye da dubu 296 na bayansa. A 2023 kuwa, kamfanin tsaro na Wiz ya gano cewa masu bincike a Microsoft sun wallafa wata mahaɗa don raba ƴan bayanan nazari, amma mahaɗar tana buɗe rumbu mai terabayit 38, tana ba da ikon sauyawa da gogewa, wa'adinta kuma sai 2051.

Idan irin haka ta faru, al'ada ce a nuna yatsa ga ma'aikacin da ya manta makulli a cikin rubutu. Wannan hukunci bai cika adalci ba. Mantuwa halin ɗan Adam ce, kuma a kamfani mai injiniyoyi dubbai dole wata rana wani ya yi ta. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ya ƙera makullin da ke buɗe kowane ɗaki, kuma wa ya bar shi shekaru ba a sauya ba? Wannan shawara ce ta shugabanni da masu tsara aiki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujja. Sun ce taƙaita izini yana jinkirta aiki, kuma injiniyan da ke jiran sahalewa kafin kowane mataki ba zai iya gasa a kasuwa ba. Gaskiya ne akwai jinkiri. Sai dai a auna shi da abin da ya sami Code Spaces a Yunin 2014: mai kutse ya kama allon sarrafa asusun kamfanin a Amazon, ya nemi kuɗin fansa, sannan ya goge bayanai tare da kwafin ajiyarsu, domin duka suna ƙarƙashin iko ɗaya. Kamfanin ya rufe kasuwancinsa.

Wasu kuma suna ganin tantancewa mai hawa biyu ta wadatar. CircleCI yana da ita, amma a ƙarshen 2022 wata muguwar manhaja a kwamfutar wani injiniya ta sace shaidar zamansa bayan ya riga ya shiga. Da yake ikonsa ya kai har ga tsarin da abokan ciniki ke aiki a kai, ɓarawon ya gaji wannan iko, kuma a Janairun 2023 aka umarci abokan ciniki su sauya duk makullansu. Ƙarfin ƙofar zaure ba ya hana ɓarna idan ɗakunan ciki a buɗe suke.

Maganin kuwa tsoho ne. Tun 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder suka bayyana ƙa'idar cewa kowane mutum da kowace manhaja su riƙe mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata. A aikace, makulli ya zama na ɗaki ɗaya, ya mutu cikin sa'o'i kaɗan, kada a rubuta shi cikin manhaja, a raba wurin gwaji da wurin bayanan jama'a, a kuma ajiye kwafin bayanai ƙarƙashin wani asusu daban. Direban da lambar lasisinsa ta faɗa hannun ɓarayi bai zaɓi yadda aka raba makullai ba. Waɗanda suka zaɓa su ne ya dace doka ta tambaya.