Makaw: Tsuntsun da ke iya shekara 50 a hannun mai shi

Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya sha cin karo da shi: ƙaton aku mai shuɗin baya da rawayan ƙirji, zaune a kafaɗar wani saurayi yana kwaikwayon magana. Shi ne makaw, wanda masu jin Faransanci ke kira ara. Asalinsa dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, irin su Brazil, Peru da Boliviya. Ba laifi ba ne matashi a Maraɗi ko ɗan ci-rani a Beljiyam ya gan shi ya ji yana so. Sai dai bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nuna abin da ke biyo baya.

Makaw da ya samu kulawa yana iya kai shekara 50, har ya zarce. Wanda ya saye shi yana da shekara 28 zai tsufa tare da shi, ko ma ya bar wa magada. Ga aure, ga sauya gida, ga tafiyar neman kuɗi, shi kuwa tsuntsu ne da ya saba zama cikin garke, kuma yakan shaƙu da mutum guda. In aka bar shi shi kaɗai wuni bayan wuni, sai ya shiga fige gashin jikinsa har ƙirjinsa ya koma tsirara.

Sannan ga ƙara. Safe da yamma yana kwarma ihu kamar yadda yake kiran 'yan uwansa a daji, kuma horo ba ya raba shi da wannan hali. Mai zaman gidan haya ya fara shawara da maƙwabta tukuna. Bakin da ke fasa ƙwaya mai tauri ba zai ji wuyar kujera, wayar lantarki ko yatsan yaro ba. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kai kusan santimita 85, saboda haka kejin kanari ba nasa ba ne.

Batun abinci ne ya fi saurin kashe shi. Gero da gyaɗa kawai ba su isa ba, yana buƙatar 'ya'yan itace da ganye, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna cuta ce gare shi. Avoka da cakulan guba ne. Haka kofi, shayi da goro, abubuwan da baƙo zai iya miƙa masa don wasa a majalisa. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna lahanta numfashinsa. Tsuntsun dajin damina ne, ƙurar hunturu da zafin bazarar Tawa ko Yamai ba irin nasa ba ne. Sai da inuwa da wanka a kai a kai. In ya kamu da ciwo, likitocin dabbobi na ƙasar sun fi gogewa kan shanu, awaki da kaji.

Akwai kuma doka. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijar ke cikinta, ta ɗaure cinikin makaw tsakanin ƙasashe da takardun izini, wasu nau'o'in ma an hana sayar da waɗanda aka kamo a daji. Ko akun nan mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda aka saba kawowa daga ƙasashen kudu, ya shiga wannan hani tun taron Johannesburg na 2016. Dalili a fili yake: ƙaramin makaw mai launin shuɗi da aka yi fim ɗin Rio a kansa, masu kamu da masu sare daji sun ƙarar da shi daga dajin Brazil, sai a 2022 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata.

Wanda ya nace sai ya saya, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo, mai zobe a ƙafa da takardunsa cikakku. Dillalin da ya ce takarda za ta biyo baya, a bar masa tsuntsunsa.