A daina ɗora wa diddige laifi

Tun da littafin Born to Run na Christopher McDougall ya fito a 2009, masu gudun motsa jiki suka ɗora wa diddige laifin ciwon gwiwa. A 2010 Daniel Lieberman na jami'ar Harvard ya nuna cewa 'yan Kenya da suka tashi suna gudu ba takalmi sukan dira ne da gaban tafin ƙafa, kuma jijjigar da ke ratsa jikinsu ba ta kai ta mai dira da diddige ba. Nan da nan aka shiga sayen takalma marasa tudu. Kamfanin Vibram, mai takalmin nan da ke raba yatsu, sai da ya amince a 2014 zai biya dala miliyan 3.75 kan iƙirarin cewa takalminsa na rage rauni.

Nauyin jiki ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. Ka ɗauke shi daga gwiwa, ya koma kan agara da sharaɓa da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa. Yaron da ya girma yana gudu zuwa makaranta ƙafa ba takalmi, agararsa ta ƙeƙashe. Magidancin da ke wuni a kujerar ofis, ya fara sassarfar asuba saboda likita ya ce yana da hawan jini, tasa ba ta san wannan aiki ba. Abin yana damuna, domin irinsa ne ke jin ciwo ya daina fita gaba ɗaya.

Gyaran da na fi yarda da shi ƙarami ne: rage tsawon taku. Binciken Bryan Heiderscheit a jami'ar Wisconsin a 2011 ya gano cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, yana sauƙaƙa wa gwiwa. Ƙafa takan sauka kusa da jiki maimakon a miƙa ta can gaba tana taka burki. A Hong Kong kuma, a 2018, an horar da sababbin masu gudu mako biyu su riƙa dira a hankali. Bayan shekara, haɗarin samun rauni a wurinsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba a horar ba da kashi 62 cikin ɗari.

Ƙirga takunka na minti ɗaya, ka ƙara kaɗan, ka saurari ƙarar sawunka. Ka ba jiki makonni ya saba, kada ka haɗa da ƙarin nisa. Wanda kuwa ya shekara yana gudu babu inda ke masa ciwo, ya bar takunsa yadda yake.