Harajin kirifto: Rubutu ne garkuwar mai jari

Sanin kowa ne cewa cinikin kuɗin kirifto ya zama sana'ar dubban matasanmu. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu wannan harka, amma a Disambar 2023 ya janye takunkumin. A shekarar 2023 ɗin ce kuma Dokar Kuɗi ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan ribar irin waɗannan kadarori. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya rattaba wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta haɗa wannan riba da sauran kuɗin shigar mutum, inda harajin kan kai har kashi 25 cikin ɗari. Ke nan zamanin ciniki a ɓoye ya wuce.

Sai dai kafin a san riba, dole a san uwar kuɗi, kuma a nan gizo ke saƙar. Akasarin masu saye da Dala suke lissafi, alhali da Naira za a yanka musu haraji. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a Yunin 2023, farashin Dala a hukumance ya tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024.

Mu ɗauki misalin wanda ya sayi USDT 1,000 lokacin da Dala take Naira 750, wato ya kashe Naira 750,000, ya kuma sayar lokacin da ta kai 1,500. A takarda ya ci ribar Naira 750,000, alhali ko Dala ɗaya ba ta ƙaru a jarinsa ba. In kuwa ba shi da shaidar abin da ya biya tun farko, to lamarin ya ƙara muni, domin da wuya ya kare kansa idan jami'in haraji ya ƙiyasta masa ribar da ta zarce haka.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Tun 2014 hukumar harajin Amurka ta ɗauki kirifto a matsayin kadara, ta kuma wajabta lissafa kowane ciniki da darajarsa a Dala a ranar da aka ƙulla shi. A Ingila ma da Fam ake lissafi, kuma musayar wani kirifto da wani tamkar sayarwa ce.

Don haka muna kira ga masu wannan sana'a da su yi koyi da 'yan canjin Wapa a Kano, waɗanda ba sa raba ciniki da littafi. A rubuta ranar saye, adadin da aka saya, kuɗin da aka biya da irinsa, farashin canjin ranar, da ladan da dillali ya cira. A adana rasit da bayanan banki, kada a dogara ga manhaja kawai. Dakatar da hulɗa da Naira da Binance ya yi a Maris 2024 ya isa ishara cewa dandali na iya rufe ƙofa a kowane lokaci.

Ita kuma Hukumar Tara Haraji ta Najeriya da takwarorinta na jihohi, wajibi ne su fayyace wa jama'a, cikin Hausa da sauran harsunanmu, farashin canjin da za su amince da shi, da yadda za a lissafa jarin da aka saya kaɗan-kaɗan a lokuta daban-daban. Haka nan muna roƙon Majalisar Tarayya ta duba batun ribar da faɗuwar Naira kawai ta haifar, domin ba adalci ba ne a ci tarar ɗan ƙasa a kan raunin kuɗin ƙasarsa.

A ganinmu biyan haraji haƙƙi ne da bai kamata a kauce masa ba, amma sai an auna da mudun gaskiya. Kafin hakan ta tabbata, kowa ya riƙe alƙalaminsa, domin rigakafi ya fi magani.