Sharhi: Daminar Lautai da Jiragen da Ke Auna Teku

Jama'a masu sauraronmu a ƙasar Lautai, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu, sharhinmu na yau a kan teku yake, da jiragen da ake turawa su binciko abin da ke ƙarƙashinsa. Na san akwai dattijon da zai ce, ina ruwan mutumin Lautai da teku, mu da ruwan shanmu na rijiya ne da burtsatse, mu da sai mun ci tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin mu ga gaɓar Legas? Baba, a ara mini kunne na 'yan mintuna, domin gonarka na cikin maganar.

Iskar nan da ke juyowa daga kudu maso yamma a ƙarshen bazara, wadda idan ta kaɗa manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, daga tekun Atlantika take tasowa, daga ɓangaren da ake kira mashigin Gini. Ita ke ɗauko laimar da ke zama hadari a kanmu. Ƙarfinta da nisan da za ta yi zuwa arewa suna da alaƙa da zafi ko sanyin ruwan tekun. Wajen watan Mayu zuwa Yuni, ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasa ya bazu a saman teku kudu da gaɓar Afirka ta Yamma, alhali ƙasarmu ta Sahel tana tafasa. Wannan bambanci na zafi da sanyi yana cikin abubuwan da ke tura ruwan sama ya hauro mana. A shekarar da ruwan mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, sau da yawa hadari kan tsaya can kudu ya yi ta zuba, mu a nan a yi binne a zauna ana duban gabas.

Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a ba su labari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, an daɗe ana ɗora laifin wannan fari kacokan a kan makiyaya da manoman Sahel, ana cewa kiwo da saran itace ne suka kori ruwa. A 1986 wani masani ɗan Ingila, Chris Folland, da abokan aikinsa suka nuna cewa shekarun fari a Sahel sun zo daidai da shekarun da tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan bincikenta suka ƙara tabbatar da cewa sauyin zafin teku shi ne babban abin da ya juya daminarmu a waɗancan shekaru. Saran itace ɓarna ne, kuma ba na kare shi. Amma kakanninmu sun ɗauki nauyin zargin da ya fi laifinsu, kuma awon ruwan teku da jirage suka tara shekara da shekaru ne ya sauke musu shi.

To wa ke wannan awo? Tun 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka haɗa hannu suka dasa na'urori masu yawo a saman ruwa a tsakiyar Atlantika, a wani shiri da ake kira PIRATA. Kowace na'ura an ɗaure ta da doguwar igiya zuwa wani nauyi da ke zaune a ƙasan teku, a zurfin da ya haura mita 4,000. A samanta akwai ma'aunin iska da ruwan sama da hasken rana, a jikin igiyar kuma an jera ma'aunan zafi har zuwa mita 500. Kullum tana aika abin da ta auna ta tauraron ɗan'adam. Wasunsu suna nan cikin mashigin Gini, kudu da Ghana da Kodebuwa. Baya ga su akwai wasu ƙananan na'urori kusan 4,000 na shirin Argo da ke warwatse a tekunan duniya, kowace takan nutse zuwa mita 2,000, ta taso bayan kwana goma ta ba da rahoto, ta sake komawa. Irin waɗannan alƙaluma ne ke shiga kwamfutocin da ake hasashen yanayi da su, kuma daga nan hukumar NiMet a Abuja da cibiyar AGRHYMET a Yamai suke samun abin dogaro idan za su ce damina za ta sauka da wuri ko za ta makara.

Na'urar PIRATA da ke ɗaure a teku ba ta shekara biyu lafiya ba tare da an kula da ita ba. Gishiri na cin ƙarfe, ƙananan halittu na manne wa ma'aunai, batir na mutuwa, wani lokaci masunta su lalata ta saboda kifi na taruwa a gindinta. Dole jirgi ya je kowace shekara ya ciro tsohuwa ya dasa sabuwa. A nan ne aikin da nake so mu duba yake.

Jirgin bincike ba ya barci. Ma'aikata kan raba dare da rana gida-gida, wasu na kwance wasu na kan aiki. Idan an iso wurin awo, matuƙi zai tsayar da jirgin cak a kan igiyar ruwa, abin da shi kansa gwaninta ne. Sai a sauke wani keji na ƙarfe mai ɗauke da kwalabe 24 a buɗe, a jikin wayar da injin ke warwarewa a hankali, kimanin mita ɗaya a daƙiƙa. Mai bincike na zaune a ɗaki yana kallon zafi da gishirin ruwa suna sauyawa a allon kwamfuta. A hanyar dawowa sai ya riƙa rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kowace a zurfinta. Zuwa mita 4,000 da dawowa kan cinye wajen awa uku. Kafin kejin ya gama ɗiga an kewaye shi ana ɗibar ruwa, jirgi kuma ya kama hanyar zango na gaba. A ƙarƙashin jirgin akwai na'urar da ke aika ƙara zuwa ƙasan teku ta saurari amsa-kuwwa. Ƙara na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, saboda haka idan ta dawo bayan daƙiƙa huɗu, zurfin wurin mita 3,000 ne. Da haka ake zana taswira. Lokacin da jirgin Ingila mai suna Challenger ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876, da igiya da dalma ya riƙa wannan awo. Kimanin shekara 150 ke nan, amma abin da aka zana sosai na ƙasan tekunan duniya bai fi kashi ɗaya bisa huɗu ba sai da kaɗan.

Sai kuma masu sauka da kansu. Hasken rana ba ya wuce mita 200 da wani ƙarfi, daga mita 1,000 kuwa duhu ne tsantsa. Kowace mita goma da ka nutsa, nauyin ruwa a kanka na ƙaruwa. A wuri mafi zurfi a duniya, ramin Mariana da ke tekun Fasifik, wajen mita 11,000, nauyin ya kai kamar a ɗora buhun gero goma a kan farcen yatsanka, kuma haka a kowane gefe na jirgin. A ranar 23 ga Janairun 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka isa can cikin jirgin nutso mai suna Trieste. Sun yi kusan awa biyar suna sauka, suka yi minti 20 a ƙasa. A 2020 ƙasar Sin ta kai mutane uku wurin cikin jirginta Fendouzhe.

Wanda ya fi burge ni shi ne Alvin na cibiyar Woods Hole da ke Amurka, domin shi jirgin aiki ne na yau da gobe. Tun 1964 yake nutso, ya yi fiye da sau 5,000. Mutum uku ke shiga, matuƙi da masu bincike biyu, cikin wata ƙwallo ta ƙarfen titaniyam da faɗinta kimanin mita biyu ne. Sukan kwashe wajen awa takwas a ciki, cikin sanyi, ana tace iskar da suke shaƙa. Nauyin ƙarfe ke jan su ƙasa, idan sun gama su saki wasu ƙarafan su taso. Da shi ne a 1977, kusa da tsibiran Galapagos, aka tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a zurfin mita 2,500, kewaye da halittun da ke rayuwa ba tare da hasken rana ba, ikon Allah. Sirrin daɗewar Alvin kulawa ce. Bayan 'yan shekaru akan warware shi gaba ɗaya, a duba kowane ƙusa, a sake haɗawa, sannan hukuma ta gwada shi kafin a bar mutum ya shiga. Jirgin Titan da ya tarwatse a ranar 18 ga Yunin 2023 a hanyar zuwa ganin ɓaraguzan Titanic, ya hallaka mutum biyar, bai bi ta hannun masu irin wannan tantancewa ba.

Yawancin aikin zurfi a yau ma ba a saka ran mutum a ciki. Na'urori ne masu kyamara da hannuwan ƙarfe, ana sarrafa su daga cikin jirgi ta doguwar waya. Da su ake kula da rijiyoyin man Najeriya na cikin teku, irin Bonga da ta fara aiki a 2005 a zurfin da ya haura mita 1,000, da Agbami da Egina da suka fi ta zurfi. Kuɗin wannan mai na cikin kason da ke zuwa wa ƙananan hukumominmu huɗu kowane wata.

'Yan kasuwa kuma su tuna ranar 14 ga Maris ɗin 2024. Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, ana cikin azumi. A ranar ne manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka katse a kusa da gaɓar Kodebuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Sabis ya yi rauni a ƙasashe da dama, bankuna suka riƙa ba da haƙuri, tura kuɗi ya gagari mutane da yawa. Dillalin da ke karɓar kuɗin sa ko raƙumi ta waya a kara, da yaron da ke zaune da na'urar POS a bakin tasha, cinikinsu na rataye ne da wata waya da kaurinta bai fi santimita biyu ba, a kwance cikin duhun teku. Sai da jiragen gyara suka taso daga nesa, cikinsu har da Léon Thévenin daga Afirka ta Kudu, suka jawo wayoyin sama, suka haɗa zaren gilashin da ke ciki. An ɗauki makonni kafin a kammala.

Me muke da shi a gida? Akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da aka kafa a Legas a 1975. A 2014 ta samu jirgin bincike mai suna Bayagbona, wanda aka ƙera a Poland. A 2021 rundunar sojan ruwa ta karɓi NNS Lana daga Faransa, jirgin awon zurfi da zana taswira. A 2023 aka kafa ma'aikatar harkokin teku ta musamman, kuma a shekarar ne hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da iyakokin ƙasan teku ta amince wa Najeriya da ƙarin murabba'in kilomita 16,300, fiye da kashi biyu bisa uku na faɗin Jigawa. Da hujjar awo aka samu wannan fili, bayan an shigar da bukatar tun 2009.

Damuwata ita ce, a ƙasar nan mun iya bikin saye, riƙo ne ke ba mu wuya. Babban jirgin bincike a ƙasashen da suka ci gaba kan ci fiye da dala dubu 30 a rana guda a teku: mai, abinci, albashi, kayan gyara. Ko yana ɗaure a tasha sai an biya ma'aikata, tsatsa kuma ba ta jira. Awon da ba a yi bana ba kuwa ya tafi ke nan, ba a komawa a auna zafin ruwan watan Yunin da ya wuce. Kuma abin takaici ne a ce tekun da ke shayar da gonakinmu, jiragen Faransa da Brazil da Amurka ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin aunonsa. Ranar da kasafin kuɗinsu ya juya, hasashen daminarmu ne zai raunana.

Ƙananan hukumomin nan huɗu ɗan majalisar wakilai guda ke wakiltarsu a Abuja, ga kuma sanatan Jigawa ta arewa maso yamma. Ranka ya daɗe, idan an zo kare kasafin cibiyar binciken teku da na NiMet, kada a ce wannan na 'yan kudu ne a fita shan iska. A tambaya kwana nawa jirgin ya yi a teku a shekarar, nawa aka ware wa mai da gyara, ina alƙaluman suka tafi, kuma ta yaya suke isa ga malamin gona da ke yawo a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa.

Gwamnatin jiha ta saba tura yaranmu karatun likita har ƙasashen waje, kuma mun gode. A ware ko da gurbi kaɗan ne ga ilmin teku da na yanayi. Ana koyar da su a Jami'ar Kalaba da Jami'ar Legas da Jami'ar Fasaha ta Akure, aikin jirgi kuma a makarantar Oron da ke Akwa Ibom. Malamai a makarantunmu na sakandare da Kwalejin Ilimi ta Gumel, ku gaya wa ɗalibai cewa waɗannan fannoni suna nan. Yarinya ko yaron da ya iya lissafi da fiziks da kemistiri ya cika sharaɗin farko, kuma babu inda takardar neman shiga ta tambayi ko an haife shi a bakin ruwa.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba mu damina mai albarka.