Wai Ɗalibin Harshe Ba Ya Bukatar Guzuri?

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, in gwamnatocinmu suka tashi rabon sukolashif na ƙetare, mai karatun likita ne a gaba, injiniya na biye. Mai karatun harshe kuwa sai a ce da shi, "Kai me za ka je nema? Ba ga Hausar nan a bakinka ba?" Wannan magana nake so mu zauna mu tona.

Ni mutumin Manga ne, ta ƙasar Zuru. Duk wanda ya so nazarin mutanenmu Lelna, waɗanda Bahaushe ke kira Dakarkari, ba makawa sai ya bi ta kan rubutun P. G. Harris na 1938, da na Bajamushen nan Carl Hoffmann na 1967 a kan rukunan sunaye na harshen C'lela. Hausar ma haka take: nahawun Schön ya fito a 1862, ƙamusun Bargery a 1934. Shin waɗannan mutane sun fi mu ƙwaƙwalwa ne? Faufau! Masu gidansu ne suka ɗaure musu gindi, mishan ko gwamnati ko jami'a, har suka zo suka zauna suka saurara. Amurka ma doka ta kafa sukutum a 1958, ta ware kuɗi don ɗalibanta su koyi harsunan duniya da al'adun masu su, Hausa na ciki. Ba don suna ƙaunarmu ba ne. Sun san wanda ya ji harshenka ya san cikinka.

To mu fa? Da can ɗalibin Faransanci yakan yi shekara guda a ƙasar masu harshen. Da aljihu ya yi sanyi, sai aka kafa masa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, na Larabci kuma aka kafa masa nasa a Ngala ta Borno. Ban raina aikin malaman can ba, amma kowa ya san iyo a randa ba iyo ba ne. Sannan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar soke shirin BEA, wanda ke kai ɗalibai Rasha da Sin da Maroko da sauransu. An ce akwai ɓarna a ciki. To, don ƙwarƙwata ta shiga riga, sai a cinna wa rigar wuta?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ba Landan muke roƙo ba. Jihar Kabi ta yi iyaka da Nijar da Benin. Gaya da Doso sun fi Badagry kusa da ƙofar gidanmu. A Yamai akwai Jami'ar Abdou Moumouni, ga kuma cibiyar CELHTO mai tattara adabin baka. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma mu nawa ne a ajinmu za su iya karanta shafi guda na abin da aka rubuta a kan Hausa da Faransanci? Mu nawa suka taɓa zama da Hausawan zangon Kumasi, ko na Mai Wurno a Sudan, suka ji yadda harshen ya juya a bakinsu? Muna kiran kanmu masana harshen da rabin labarinsa ke bayan shingen kwastan.

Wani zai ce ƙasar da ba ta gama samun likitoci ba ina ita ina wannan. Na ji. Amma abin da ake kashe wa likita ɗaya a Turai zai zaunar da ɗalibai da dama zango guda a Yamai, tun da mota ce za ta kai su.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta rubuta wa hukumomin sukolashif na Kabi da Sakkwato da Zamfara, a nemi gurbi ko biyar ne kowace shekara don ɗaliban harsuna. Malamanmu kuma su ƙulla musayar ɗalibai da Yamai. Takardar in an rubuta, ni ne farkon sa hannu.