Kirari a Bango, Ɗalibi a Ƙasa

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar maido da tsohon taken ƙasa ranar 29 ga Mayu, 2024, nake jin masu cewa saura a tilasta rubuta kirarin Najeriya a bangon kowane aji, wai ta nan kishin ƙasa zai shiga zukatan yara. Har misali suke bugawa da Amurka, inda jihar Luwiziyana ta yi doka a 2023 cewa kowane ajin gwamnati, daga firamare har jami'a, sai an kafa kirarinsu mai cewa da Allah suka dogara. Ni ban yarda ba.

Namu kirarin yana sashe na 15 na tsarin mulkin 1999: haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Ba ni da ja da kalmomin. Damuwata inda za a rataya su.

Bayan damina na shiga wata firamare a wani ƙauye can gefen Gummi a jihar Zamfara. Iska ta yaye rabin kwanon, bangon gabas ya tsage har ana hango gonar gero ta cikinsa. Yara na zaune a kan buhunan taki da suka ɗauko daga gida, malami ɗaya yana kai-komo tsakanin aji uku. Ya ce da ni, "Malam, alli ma da kuɗina nake saye." Na rasa amsar ba shi. To, a wannan bangon za a rubuta "ci gaba"? Kuma da Turanci, harshen da yaron ko sunansa bai iya haɗawa da shi ba tukuna?

Sai maganar zaman lafiya. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. A Satumbar shekarar gwamnati ta rufe makarantun Zamfara baki ɗaya. Kafin nan, a 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Ƙannen waɗannan yara ne ke zaune a ajin yau. Sun san ƙasarsu da abin da ta yi musu da abin da ta kasa yi, kuma yaron da ya ga rubutu ya saɓa wa zahiri, raina rubutun yake yi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ba doka muka rasa ba. Tun 2004 akwai wadda ta wajabta ilimin shekara tara kyauta ga kowane yaro. A Nuwamban 2023 Gwamnan Zamfara Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Waɗannan ya kamata 'yan majalisarmu da ke Gusau su bibiya. Su zo Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙafarsu, su ƙirga azuzuwan da ba rufi, da makarantun da malamai suka daina zuwa saboda tsoron hanya, su karanta mana adadin a zauren majalisa.